Yawon Buɗe Ido a Birnin Zanzibar: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ji an ambaci Zanzibar, hoton da ke fara zuwa masa shi ne farin rairayi da shuɗin ruwa. Hoton bai yi ƙarya ba, haka tekun yake. Sai dai mutane da yawa suna sauka daga jirgi, mota ta kwashe su kai tsaye zuwa otal a bakin ruwa, su gama hutunsu su koma gida ba su taka cikin garin ba, wannan kuwa asara ce babba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa da abokai suka fi yi mini tun da na dawo, kuma galibin amsoshin a kan garin suke.

Wai Zanzibar ƙasa ce, ko tsibiri, ko gari?

Sunan yana ɗaukar ukun duka, shi ya sa ake rikicewa. Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manya a cikinsu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda baƙi ke kira Zanzibar, kuma a gaɓarsa ta yamma birnin yake. Tsohon ɓangaren birnin su masu gari Mji Mkongwe suke ce masa, wato Tsohon Gari, a taswira kuma za ka ga an rubuta Stone Town saboda gine-ginensa na dutse. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

A siyasance Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ne, amma yana da shugabansa da majalisarsa. Ya samu 'yanci daga Birtaniya ranar 10 ga Disamba 1963. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar Larabawa, aka zubar da jini mai yawa. Ranar 26 ga Afrilu na shekarar ya haɗe da Tanganyika, aka samu Tanzaniya.

Ta ina ake bi, kuma waɗanne takardu zan tanada?

Daga Kano, Abuja ko Legas, hanyar da aka fi bi ita ce ta Adis Ababa, wasu kuma ta Nairobi. Jirgi yana sauka a filin Abeid Amani Karume, wanda bai da nisa da gari. Wanda ya fara sauka a Darussalam yana iya tsallakowa da jirgin ruwa mai gudu cikin kamar awa biyu, ko ƙaramin jirgin sama cikin minti ashirin. Ni na fi son na ruwa, domin ta teku aka tsara a ga garin: fararen benaye a jere, hasumiyoyin masallatai da na coci, da jiragen katako masu filafili suna shawagi a gabansu.

Batun biza shi ne abin da za ka fara yi kafin ka sayi tikiti. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida an tantance su, kuma amsar takan ɗauki makonni. Ka nema da wata biyu a gaba. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, an fara da dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. Fasfonka ya kasance a hannu ko da daga Darussalam ka tsallako, domin ana dubawa a tashar.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Yuni zuwa Oktoba. Sararin sama a washe, iska mai sanyi tana kaɗawa daga kudu, tafiyar ƙafa ba ta wahalarwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ma babu ruwan sama sosai, amma zafin akwai gumi, ba irin busasshen zafin da muka saba da shi a arewa ba, riga takan jiƙe tun kafin hantsi. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take. Kuɗin masauki yana sauka a lokacin, amma ana iya wuni ana tafka ruwa, lunguna su cika, masu kwale-kwale su ƙi fita.

Iskokin nan biyu, kaskazi daga arewa maso gabas da kusi daga kudu, su suka gina garin. Da kaskazi jiragen fatake ke zuwa daga Oman da Farisa da Indiya, su zauna watanni suna ciniki har iska ta juya ta mai da su gida. Wanda ya yi wata huɗu yana jiran iska kuwa ba ya rasa yin aure ko gina ɗaki.

Kwana nawa zan ware wa garin?

Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da zagayen awa uku. A ganina bai isa ba. Ka kwana biyu aƙalla a cikin Tsohon Gari, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da aka mayar masauki, kafin ka wuce bakin teku. Dalilina shi ne garin yana da fuskoki uku, mai zagayen rana kuwa ɗaya kaɗai yake gani. Da asuba, bayan an idar da salla, za ka ji ƙanshin gahawa da na burodi, yara sanye da fararen kaya suna tafiya makaranta, masu shara suna aiki. Da rana na 'yan kasuwa da baƙi ne. Da yamma kuma mutanen gari suke fitowa bakin ruwa da iyalansu, a lokacin ne za ka gane cewa wurin nan gidan mutane ne, ana haihuwa ana biki ana zaman makoki a cikinsa.

Daga ina zan fara zagayen?

Ka fara daga bakin ruwa, wajen lambun Forodhani, domin manyan gine-ginen suna jere a wurin.

Na farko Ngome Kongwe, tsohuwar ganuwa. Larabawan Oman ne suka gina ta bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698, kuma ita ce ake ɗauka gini mafi tsufa a garin. Yanzu akwai shagunan masu sana'ar hannu a ciki da dandalin da ake bukukuwa.

Kusa da ita Beit al-Ajaib, Gidan Al'ajabi, wanda Sarki Barghash bin Said ya gina a 1883. An ba shi sunan ne saboda shi ne gini na farko da aka sa wa lantarki a tsibirin, kuma na farko mai na'urar hawa bene a gabashin Afirka. A Disamba 2020, ana tsakiyar gyaransa, wani ɓangarensa ya rushe, don haka ka tambayi masu masaukinka halin da ake ciki kafin ka sa rai da shiga.

A wannan filin aka yi yaƙin da ake cewa babu mafi gajarta irinsa a tarihi. A Agusta 1896 sarki ya rasu, Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardar Ingilishi ba. Suka ba shi wa'adi ya sauka, ya ƙi. Da safiyar 27 ga wata jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fada wuta daga teku, kafin minti 45 an gama. Ana yawan ba da labarin kamar abin dariya saboda gajartarsa, alhali mutum wajen ɗari biyar ne suka mutu ko suka jikkata a ɓangaren Khalid.

Gaba kaɗan akwai fadar Beit al-Sahel, inda sarakuna suka zauna har 1964, da maƙabartarsu a gefe. A nan aka binne Sayyid Said bin Sultan, wanda ya ɗauko fadarsa daga Maskat ya dawo da ita Zanzibar wajen 1840. In ka ci gaba ta wajen tashar jiragen ruwa za ka ga tsohon asibiti mai barandar katako da aka sassaƙa kamar leshi. Wani attajiri Ba'indiye, Tharia Topan, ya aza harsashinsa a 1887, aka kammala a 1894 bayan rasuwarsa.

An ce ana ɓata a lungunan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma kada hakan ya dame ka. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram zai ji kamar ya taɓa zuwa wurin, bambancin kawai a nan benaye ne hawa biyu zuwa uku, na dutsen murjani da farar ƙasa, suna yi wa hanya inuwa. Mota ba ta shiga yawancinsu, sai keke da babur, don haka ka riƙa kasa kunne ga ƙararrawa a bayanka. Taswirar waya takan rikice a ciki. Amma garin ƙarami ne, teku ta kewaye shi ta yamma, babban titi ta gabas, duk inda ka miƙe za ka ɓulla ɗaya daga cikinsu. Matambayi kuma ba ya ɓata.

Abu biyu nake so ka tsaya ka duba da kyau. Na farko ƙofofi. A da, mai gida da ƙofa yake nuna matsayinsa. Irin ta Larabawa mai kusurwa huɗu ce, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a sassaƙe a samanta, gefenta da zanen sarƙa ko igiyar ruwa ko furanni. Irin ta Indiyawa samanta a lanƙwashe yake, jikinta da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Ana cewa a Indiya an ƙirƙiro ƙusoshin ne don hana giwayen yaƙi tura ƙofa, a nan kuwa ado suka zama. Wasu ƙofofin an goge su suna sheƙi, wasu gara ta ci ƙasansu, mai gidan ba shi da halin gyara. Wannan ɓangaren yana taɓa zuciya, domin gine-gine da dama suna lalacewa da mutane a ciki.

Na biyu dakali. Suna kiransa baraza, kuma aikinsa ɗaya da namu: a jikin bangon ƙofar gida yake, maza suna zama a kai su yi hira, a karɓi baƙo ba tare da an shigar da shi cikin gida ba. Da damina, in ruwa ya cika lungu, a kansa ake takawa a wuce. Akwai wata mahaɗa da ake kira Jaws Corner, inda dattawa ke shan baƙar gahawa a 'yan ƙananan kofuna da alewar gyaɗa ko ta kwakwa, ana muhawarar siyasa da ƙwallo. Ka yi sallama, ka sayi kofi ɗaya, ka zauna. Ba sai kana jin yaren ba.

Sai na ɗauki ɗan jagora?

Ranar farko yana da amfani, awa biyu ko uku. Ka nemi mai katin shaida, ta hannun masaukinka ya fi, ku yanke kuɗi kafin ku ɗaga ƙafa. Akwai samarin da ke tare baƙi a tashar jirgin ruwa da bakin Forodhani, masu gari suna kiransu papasi, ma'anarsa kaska, saboda yadda suke manne wa mutum. Na taɓa biye wa wani da ya ce hanya kawai zai nuna mini, muka ƙare a shagon wani nasa, a ƙarshe ya nemi ladan jagoranci. Yawancinsu neman abinci suke, ba masu cutarwa ba ne. Ka ce "hapana, asante", wato a'a, na gode, da sakin fuska, ka ci gaba da tafiyarka.

Wurin kasuwar bayi fa, ya kamata in je? Da yara nake tafe.

Ka je. In wuri ɗaya kawai za ka shiga a garin, wannan ne.

Dukiyar da ta gina benayen nan da ƙofofin nan daga abu uku ta fito: hauren giwa, kanumfari, da cinikin mutane. A ƙarni na 19 ayari kan shiga can cikin nahiyar, har yankin manyan tafkuna da gabashin Kwango, ya dawo da haure a kan mutanen da aka kamo. A gaɓa sai a sayar da hauren, a sayar da wanda ya ɗauko shi. Wasu a kai su gonakin kanumfari na Unguja da Pemba, wasu a tsallaka da su ƙasashen Larabawa da Farisa da tsibiran Tekun Indiya. Shahararren ɗan kasuwar wannan harka, Hamad bin Muhammad wanda aka fi sani da Tippu Tip, gidansa yana nan a unguwar Shangani, a garin ya rasu a 1905.

Babbar kasuwar tana Mkunazini. A 1873 Sarki Barghash ya rufe ta bisa matsin lambar Ingilishi, a shekarar kuma 'yan mishan suka fara gina cocin Angilika a filin, ƙarƙashin Bishop Edward Steere. Bautar kanta ba a soke ta a dokar tsibirin ba sai 1897, kuma a tsakanin nan an ci gaba da safarar mutane a ɓoye. A Mangapwani, arewa da gari, akwai wani ɗaki da aka haƙa a cikin dutse inda ake ɓoye su kafin jirgi ya zo.

A harabar cocin akwai wani rami da mutum-mutumi biyar a tsaye a ciki, maza da mata, sarƙa a wuyansu. Akwai zauren baje tarihi mai hotuna da bayanai, a nan ya kamata ka fi daɗewa, domin bai tsaya kan kasuwar kaɗai ba, ya bi rayuwar mutanen bayan an 'yanta su. Akwai kuma ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu duhu da ƙarancin iska, waɗanda 'yan jagora ke cewa a ciki ake tsare bayi, ko da yake wasu masana tarihi suna da ja a kan hakan. Yaron da ya kai shekara goma zai fahimta in ka yi masa bayani a hankali. Ƙanana kuwa a bar su a harabar, ɗakunan suna iya firgita su.

Musulmi yana iya shiga, masu kula da wurin sun saba da kowa, hasali ma masallaci yana nan maƙwabtaka da cocin. Kuma mu Hausawa bai kamata mu kalli wurin kamar labarin wasu can ba. A wancan ƙarni na 19 ɗin dai ana sayar da mutane a kasuwannin ƙasarmu, ana tsallaka Sahara da su. Na fito daga harabar ban iya cin abinci ba sai dare.

Yaya batun salla da sutura?

Ta wannan fuskar kamar kana gida. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, a cikin Tsohon Gari kaɗai akwai masallatai wajen hamsin. Da yawansu ba su da doguwar hasumiya, sai ka wuce ba ka lura ba in ba ka ga takalma a ƙofa ba. Na unguwar Malindi, mai hasumiya kamar an kifa mazurari, yana cikin mafiya tsufa. Mafi rinjaye Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla a Fatiha, a asuba kuma a yi alƙunutu bayan ruku'u da ɗaga hannu. Akwai Ibadawa, mazhabar sarakunan Oman, da 'yan Shi'a 'yan asalin Indiya, da Kiristoci da 'yan Hindu kaɗan, kowa da wurin ibadarsa.

Suturarmu ta yau da kullum ta wadatar. Mace mai hijabi ko mayafi, namiji mai kaftani da hula, ba wanda zai kalle su sau biyu. Abin da ba a so shi ne yawo cikin gari da kayan wanka ko gajeren wando. Da azumi gidajen abinci da dama a rufe suke da rana, ba a kuma ci ko sha a kan titi. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai ka nemi izini.

Me ake ci?

Shinkafa da kifi da kwakwa, da kayan ƙamshi a cikin komai. Pilau da biriyani, dahuwar shinkafa iri biyu, su ne na rana, kuma ƙananan gidajen abincin da ma'aikata ke cika da azahar sun fi na otal daɗi da araha. Ka nemi urojo, wani romo mai kauri, rawaya, mai tsami-tsami, da ake zuba wa dankali da ƙosai irin nasu da soyayyen rogo da yaji. Mishkaki ɗan'uwan tsire ne, sai dai babu ƙuli. Akwai pweza, dabbar teku mai hannaye takwas, da ake dafawa da madarar kwakwa. Kamanninta kan sa baƙo ya ja baya, amma naman yana da daɗi, kuma a mazhabar Malikiyya abincin teku halas ne.

Da magariba lambun Forodhani yakan zama kasuwar abinci, tebura da fitilu a jere. Kafin duhu za ka ga samari suna rugowa da gudu suna tsunduma cikin teku daga kan katanga, jama'a na yi musu shewa. Ka sha ruwan rake da aka matse da citta da lemon tsami, ka ci wainar da suke kira fizar Zanzibar, mai ƙwai da nikakken nama. Kifi da jatan lande da aka jera a tebur kuwa ka yi hattara, wasu sun daɗe a wurin ana ɗumamawa. Ka zaɓi wanda za a gasa ɗanye a gabanka, ka kuma ji kuɗinsa tukuna. Naman gari na halal ne. Giya a otal-otal da wasu gidajen abincin baƙi ake sayar da ita.

Ba na jin Swahili. Zan iya?

Za ka iya, Turanci yana aiki a wuraren baƙi, mai Larabci ma zai samu abokan hira. Kuma kunnenka zai riƙa tsinto kalmomin da ka sani, saboda su da mu duk mun ara daga Larabci: dunia, sabuni, kalamu, hatari, sukari, asubuhi, Alhamisi, Ijumaa. Labari su habari suke cewa, kanumfari kuma karafuu. Sallama ita ce gaisuwar da ta fi buɗe ƙofa. Dattijo ana ce masa "shikamoo", ya amsa da "marahaba". A ƙofar gida ana cewa "hodi", a jira a ji "karibu". Za ka yi ta jin "pole pole", wato sannu-sannu.

Abu ɗaya da ke sa baƙi rasa jirgi: lissafin agogonsu daga fitowar rana yake farawa. Ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja", awa ɗaya. In mai kwale-kwale ya ce "saa tatu", awa uku, ƙarfe 9 yake nufi. Ka nuna masa a agogo ku tabbatar. Lokacinsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Tsibirin kunkuru da ake ta ɗora hotonsa, ya cancanci zuwa?

Sunansa Changuu, tafiyar kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji. An gina kurkuku a kansa a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Manyan kunkurun asalinsu kyauta ce daga gwamnan Seshels a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari, girmansu ya kai turmi a kife. Yara suna murna da su ƙwarai. Ka je da sassafe kafin cunkoso, kada kuma a bar yaro ya hau bayansu. Masu jirgi sukan haɗa tafiyar da Nakupenda, wani tudun rairayi a tsakiyar teku da ke ɓullowa in ruwa ya janye, ya nutse in ya dawo. Babu inuwa ko kaɗan a kansa sai rumfar da aka kafa. Kada ka shiga kwale-kwalen da babu rigar kariya daga nutsewa, ko da ka iya ruwa.

Gonakin kayan ƙamshi fa?

Wannan na fi ba matan gida da masu shayi shawarar zuwa. Mun tashi muna ganin kanumfari da masoro da kirfa a busashe a faifan mai koli, da yawanmu ba mu taɓa ganin bishiyarsu ba. A ƙauyukan Kizimbani da Kidichi, ƙasa da awa ɗaya daga gari, za a nuna maka cewa kanumfari tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce, masoro kuwa yaɗo yake yi a jikin wata bishiya, 'ya'yansa kore kafin a busar. Za a murza maka ganye a hannu a ce ka faɗi sunansa. A ƙarni na 19 tsibiran nan su ke kan gaba a duniya wajen kanumfari, yanzu mafi yawansa daga Pemba yake fitowa. Samarin da ke hawa kwakwa da masu saƙa hular ganye suna sa ran ɗan ihsani, ka riƙe canji.

Ina ake wanka a teku, kuma me ke wajen gari?

Ruwan gaban gari na jirage ne, ba shi da tsabtar wanka. Nungwi da Kendwa a arewa, kamar awa ɗaya da rabi a mota, sun fi dacewa domin ruwan ba ya janyewa da nisa. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin gaɓa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku takan ja baya sosai, a lokacin ne mata ke shiga gonakinsu na ciyawar teku. Ka sa takalmin roba saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasan ruwa. Mace tana iya shiga ruwa da cikakkiyar sutura, haka matan garin suke yi.

A hanyar kudu maso gabas akwai dajin Jozani, mai jan birin da babu irinsa ko'ina sai tsibiran nan. Can ƙarshen kudu kuma, a Kizimkazi, akwai ƙaramin masallaci mai rubutun Kufi a jikin mihirabinsa ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Baƙi ƙalilan ne ke tsayawa a wurin, yawanci kifayen dolfin suke zuwa kallo.

Kuɗi da abin hawa?

Shilin na Tanzaniya ake kashewa. Ka zo da dala sababbin bugu marasa yagewa, ka canza a gari, domin naira da sefa ba su da kasuwa a can. Akwai na'urorin cire kuɗi a birni, a ƙauyukan bakin teku kuwa sun yi ƙaranci. Motar haya ta talaka daladala ce, da araha amma a matse. Keke mai ƙafa uku bajaji ne, acaɓa kuma bodaboda. Tasi babu mita, a yi ciniki tukuna. Ta hagu ake tuƙi, ka kula wajen tsallaka titi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya.

Lafiya da tsaro?

Garin yana da kwanciyar hankali. Ka kula da aljihu a cikin kasuwa, ka guji lungu mai duhu da tsakar dare kai kaɗai. Ka sha ruwan gora, ka kwana cikin gidan sauro. An hana shiga da ledar zuba kaya a Tanzaniya, ka cire su daga jakarka tun daga gida.

Wace tsaraba zan kawo?

Ka tafi kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, da safe. Sunan yana nufin wajen gada, domin a da wani rafin teku ne ya raba Tsohon Gari da Ng'ambo, unguwannin talakawa, kafin a cike shi a yi titi. Ka leƙa ɓangaren kifi ka ga yadda ake gwanjo, in ƙarnin bai kore ka ba. Kayan ƙamshi ka saye su a wurin da matan gari ke saye, a awo, sun fi waɗanda aka ƙulla wa baƙi a 'yan ƙananan fakiti ƙarfi da araha. Ka murza kanumfari da farce, mai kyau zai fitar da ɗan mai.

Ga mata akwai kanga, zane mai falle biyu da ake rubuta karin magana ko habaici a gefensa. Ka sa mai shago ya fassara maka kafin ka biya, kada ka kai wa surukarka zanen da aka rubuta wa kishiya. Ga maza akwai kofia, hular da ake yi wa ɗinki mai ƙananan huji, da kikoi na ɗaurawa. Ciniki kamar na gida ne, ka ce "punguza", wato rage, a yi dariya a daidaita. Ƙwaryar kunkurun teku da murjani da duk abin da aka ce haure ne kada ka taɓa su, doka ta hana, kuma ana bincike a filin jirgi. In da sauran wuri a jaka, ka sayi halwa, wata alewa mai laushi irin ta Oman, ranar da za ka taso, a naɗe maka ita da ɗuminta.